Kamfas da Wutsiyar Jirgin Yawuri

Kai mai karantawa, ko ke, dakata tukuna. Ba dominka na rubuta wannan ba. In daga jakar sallata ka zaro shi, ka sani hannunka ya shiga inda ba a aike shi ba, kuma Allah yana kallonka. In ka nace sai ka karanta, to ka kai ƙarshe. Kada ka tsinci layi biyu ka shiga Xiaobei, unguwarmu ta nan ƙasar Sin, kana yaɗa cewa Hajiya Saude ta raina dangin mijinta. Ban raina kowa ba. Kuma ba wanda zan ba haƙuri.

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Kwalin yana ƙarƙashin gadona. Ni na jawo shi daga falo da hannuna, kuma nan zai zauna.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada gobe a juya mini magana. Alhaji Babayo, yayan marigayi mijina, ya sayi babban jirgin ruwa a Yawuri, wanda zai riƙa tsallaka da mutane da kayansu zuwa kasuwannin ƙetaren tafki. Ya ga wata na'ura a waya, wadda ke riƙe jirgi a kan hanya ba sai direba ya damƙe sitiyari ba, ya ce lallai sai nasa ya samu. Da ya zo baje kolin bana sai ya ɗora aikin a kan ɗana na fari. Ba na kama sunansa. Ƙanwarsa Ummu Salma tana ce masa Yaya, haka zan riƙa rubutawa.

Abu uku ne a kwalin. Akwai akwatin tuƙi, shi ne mai yanke shawara. Akwai kamfas, mai gaya wa akwatin inda jirgi ya sa gaba. Sai wani ɗan abu mai hannu kamar cokali, sansa suke ce masa, ana ɗaura shi a jikin farantin da ke juya jirgi ta baya, wanda ni wutsiya nake kira, don ya riƙa faɗa wa akwatin ina wutsiyar ta karkata. Yaya ya sayo su a shago uku daban-daban, ya haɗa, baki ya shiga baki, fitila ta kama.

Jiya Lahadi suka kai su gwaji a kogi, can ƙasa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu, a jirgin wani tsoho mai suna Lawban Chen.

Ba zan rubuta jiya ba. Yaya ya dawo da rigar da ba tasa ba, iyakar abin da zan ce ke nan.

Talata, 8 ga Afrilu, da safe

Garin nan ya shiga lokacin da bango ke zufa. Madubi ya yi hazo, tayil sai santsi, shanya ba ta bushewa. Ko'ina ruwa. Na gaji da ganin ruwa.

Takalminsa ƙafa ɗaya ne a bakin ƙofa. Na ce Ummu ta ɗauke shi daga idona.

Talata, bayan la'asar

Alhaji Babayo ya zo. Ya leƙa ɗakin Yaya, ya dubi ɗinkin da ke goshinsa, ya ce Allah ya kiyaye gaba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ko zama bai gama yi ba ya juyo gare ni.

"Saude, ina kayana? Tankari mai loda kaya ya ce kwantena za ta rufe Juma'ar sama."

Na ce, "Yaya Alhaji, kayan nan ba za su tafi ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. "Ke dai tsoro ya kama ki. Igiyar ruwa ce ta kwashe su. Kogin Sin daban, namu daban. Ga Isufu direbana can, ba injin da ke gagararsa. In akwai gyara zai yi."

Na ce, "Mutum nawa jirgin ke ɗauka ranar kasuwa?"

"Ranar kasuwa wa ke ƙirga mutane?"

"To ni ma ba na so a zo ana ƙirga su a bakin ruwa."

Ya ajiye kofin shayin. Ya ce tun ƙaninsa na da rai ya san bakina ya fi ƙarfin gidan. Na ce Allah ya jiƙansa, shi bai taɓa aika wa mutane abin da ya san ya lalace ba. Ya tashi ba sallama.

Yara na jin mu. Su ji. Tarbiyya ba a ɓoye ake yin ta ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Yaya bai ci komai ba. Kwalin yana nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Ummu ba ta da lacca yau, sai na zaunar da ita muka fito da takardun da suka zo da kayan. Na akwatin da Turanci ne, wannan ina iyawa, ba a banza na gama sakandare ba. Sauran biyun rubutun Sin ne, ita ke karanta mini.

Ga abin da na gane. Akwatin yana da jerin kamfas da sansa waɗanda yake jin yarensu, an buga shi a shafin baya ƙarara. Namu ko ɗaya ba ya ciki. Sansan da Yaya ya sayo yana aika saƙonsa ta wata hanya, akwatin kuma wata hanyar yake saurare. Ga waya ta haɗa su, ga wuta tana gudu, amma kurma ne ke hira da bebe. Kamfas ɗin kuma mai nawa ne, sai jirgi ya riga ya juya sannan yake ba da labari.

Ba zan ɗora wa yaron laifin shi kaɗai ba. Ɗabi'ar kasuwar nan ce ya tashi a ciki. Mu nan Xiaobei, kan caja a wannan bene, waya a wancan, kwali a na gaba. In baki ya shiga baki, fitila ta kama, an gama, a ɗaure a kai wa Tankari. Haka muke da fitilun sola, haka muke da lasifika. In bai yi ba a Kano, mai shi ya yi tsaki ya jefar. To wanda ke tsakiyar tafki da buhun shinkafa da goyo a baya, me zai jefar?

Kama da wane ba ta wane. Tun suna ƙanana nake faɗa musu, suna cewa Umma ta fara wa'azi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Tankari ya biyo. Mutumin Maraɗi ne, shi ke loda mana kaya tun zuwanmu garin nan, kuma shi ya kwanto na'urar daga jirgin Chen ya kawo gida ranar da ba na son ambata.

"Hajiya, kin zama labari a masallaci. An ce kin kama kayan Alhaji kin yi garkuwa da su."

"Kai me ka ce musu?"

"Ni? Na ce Bakanuwa in ta zauna kan abu, ko kiren ɗaga kwantena na Huangpu bai ɗaga ta."

Na ce ya kiyayi bakinsa. Ya sha kunu kofi biyu, sannan ya sassauta murya. Ya ce Alhaji babban mai ba shi aiki ne, in ya kawo kwalin da kansa dole ya loda. Amma shi ba zai hau benen nan ya ɗauka ba. "Na ga abin da na gani, Hajiya. Ni na riƙe igiyar."

Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce dakwar, wato ya yarda, da Faransancinsu.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Ƙafafuna sun kumbura. Tun safe muka shiga jirgin ƙasa ni da Ummu zuwa Tianhe, benen masu kayan lantarki, shagon da aka sayo sansan.

Mai shagon ya dubi akwatin, ya dubi sansan, ya ce, "Iyan, iyan," wato duk ɗaya ne. Na ce Ummu ta gaya masa ya haɗa a gabana. Ya haɗa, allo ya kama, ya washe baki. Sai na kama hannun sansan na tura shi dama har ƙarshe. Allon ya nuna wutsiya tana tsakiya. Na dawo da shi hagu har ƙarshe. Allon ya ce tana tsakiya. Ko motsi bai yi ba.

Ummu ta ce a hankali, "Umma, shi ya sa. Akwatin yana ta tura wutsiyar, yana jira a ce masa ta isa, ba wanda ya ce masa."

Na ce na gane, ba sai ta ƙarasa ba.

Na tambayi mutumin ko yana da wanda ya dace. Ya ce meyo, babu. Aƙalla wannan karon ya faɗi gaskiya. Ya rubuta mana adireshin masu kayan jirgi zalla a Huangpu.

Can muka sami wata mata mai tabarau, ba ta ko kalli kwalinmu ba sai da ta jero tambayoyi. Jirgin ƙarfe ne ko na roba? Sitiyarinsa da mai yake aiki ko da waya? Batirinsa ƙarami ne ko babba? A ina za a kafa kamfas? Jirgin da aka yi wa sayayya har aka kusa lodawa, har abin da ya faru ya faru, ba wanda ya san ko da me aka ƙera shi. Kunya ta kama ni a madadin mazan gidanmu duka.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Mako guda. Na yi wanki, na goge bango, ya sake jiƙewa.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kira Alhaji Babayo da tambayoyin matar. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da zan yi wa jarrabawa, ya kashe. To. Na nemi lambar Isufu direba a wajen matar Alhajin, na kira shi ta bidiyo, na ce ya zaga da ni cikin jirgin.

Ƙarfe ne tun daga hanci har wutsiya. Kuma a ɗakin direba, daidai inda Alhaji ya ce a kafa kamfas, an ɗaura manyan lasifikoki biyu don sanarwa da wa'azi. Ummu ta dafe kai. Ta ce ƙarfe yana jan kamfas irin namu, maganaɗisun lasifika kuma ya fi ƙarfen ja. Ko da sansan ya yi daidai, kamfas ɗin lasifika zai riƙa bi, ba arewa ba.

Isufu ya ce, "Hajiya, ni fa ban taɓa ganin irin na'urar ba ko a mafarki. Alhaji dai ya ce in ta zo in ɗaura."

Ga wanda ba injin da ke gagararsa.

Na san za a ce na zagaye babba na yi magana da yaronsa. Na zagaye. Gobe ma in ta kama zan zagaye.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

Yau Yaya ya fito falo da kansa. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar yadda yake yi yana yaro.

"Umma, ki ba Baffa kayansa. Ni na sayo, ni zan ɗauki laifin. Ba na so a raba ki da dangin Abba saboda ni."

Na ce, "Laifin za ka ɗauka. Mutanen fa, wa zai ɗauko su?"

Can ya ce, "Ina kallon allon, yana ce mini komai daidai. Ina kallonsa, ginshiƙin gadar kuma yana..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Na ce masa kuka ba ya gyara sansa. Na tura masa takardar akwatin, na ce ya buɗe shafin baya ya karanta jerin da ƙarfi, layi bayan layi, kamar yadda ya kamata ya yi tun farko. Ya karanta. Na zubo masa tuwo, ya cinye.

Ummu ta ce na cika tsanani. Wata rana za ta haifa.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

An kira ni gaban manya a gidan abincin Musulmi 'yan Xinjiang da ke bayan tashar Xiaobei. Dattawan 'yan kasuwarmu ne, da Alhaji Babayo a tsakiya, da Tankari a gefe yana wasa da makullinsa. Aka yi addu'a, aka yi ta zagaye. Zumunci, girman na gaba, haƙƙin mai kaya a kan kayansa. Wani ya ce ai mace ba ta tsare dukiyar namiji. Na bar su suka ƙare.

Sannan na ce, "Gaskiyarku ne, kayansa ne. Yaya Alhaji, gobe in kawo kwalin. A mayar da shi jirgin Chen yadda yake, kada a canja ko waya ɗaya. Ka shiga, in shiga. A kunna, a saki sitiyari, mu bi ta ƙarƙashin gadar nan. In ya kai mu ya dawo da mu, ni da hannuna zan sa shi a kwantena, in durƙusa a nan in ba ka haƙuri."

Mai kawo shayi ya zo ya koma.

Alhaji ya ce gobe yana da ganawa a wajen baje koli. Na ce jibi. Ya ce jibi ma. Tankari ya yi tari, irin tarin da kowa ya san dariya ce.

Na ce, "Abin da ba za ka hau ba, matan Yawuri ma ba za su hau ba."

Ya miƙe ya ce daga yau ba shi ba gidana. Na ce ƙofa a buɗe take duk ranar da ya ga dama, kwalin ne dai ba zai fita ba.

Da na dawo, sai da na huta sau biyu a matakala. Tsufa ne.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da la'asar

Kwantena ta rufe. Kwalin yana nan.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe

Alhaji Babayo ya koma gida jiya, bai yi mana sallama ba. Matarsa ba ta ɗaga wayata. An cire ni daga zauren dangi na waya, Ummu ce ta lura. Na ce hutu na samu, dama gaisuwar Juma'a da hotunan biki ne kawai a ciki.

Na daɗe a kan sallaya. Mahaifinsu ya fi kowa son yayansa.

Amma ba zan ba da haƙuri ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan azahar

Mun koma wajen mai tabarau, wannan karon da Yaya. Na ce shi zai yi magana, ni kujera na zo zama. Ya amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mata bidiyon Isufu. Ta fito da sansa na kamfanin da ya yi akwatin, mai lamba irin ta jerin. Kamfas kuma ta ce a bar irin na maganaɗisu gaba ɗaya tunda jirgin ƙarfe ne, a ɗauki wanda ake kafawa a saman rufi, mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam. Shi ma yana cikin jerin.

Yaya ya miƙa hannu zai sa a kwali. Na yi gyaran murya. Ya dawo da shi, ya ce ta haɗa tukuna. Ya tura hannun sansan dama, allo ya bi dama. Hagu, ya bi hagu. Ya yi ta yi har matar ta fara dariya.

An biya, hannuna ya yi sauƙi ba awarwaro. Ba ruwan kowa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Chen ya ƙi da farko, kuma ban ga laifinsa ba, hancin jirginsa har yanzu da tabo. Mun kai masa ganyen shayi da lemo. Ya dubi goshin Yaya, ya dube ni, ya tambayi Ummu wa zai shiga. Ta ce har da mahaifiyarmu. Ya ce to Asabar.

Yaya ya ce ba sai na shiga ba. Na ce na faɗa a gaban dattawa cewa zan shiga jirgi, kuma ba na magana biyu.

Ban taɓa shiga ko kwalekwale ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Sun sa mini rigar iyo mai ruwan lemo a kan hijabi. Tankari ya ce na yi kama da buhun albasar Galmi. Na ce in mun dawo zai maimaita.

Kafin komai, jirgin na ɗaure, Yaya ya sa Chen ya juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, shi yana duba allo, Ummu na can baya tana kallon wutsiyar da idonta tana faɗa. Sai da bakinsu ya zo ɗaya aka kwance igiya.

Ruwan ya fi yadda nake zato faɗi. Manyan jirage na wucewa can nesa, namu yana tashi yana sauka. Na riƙe ƙarfen kujera, na kama Ya Latifu. Da muka fita fili Yaya ya tsaya a gaban akwatin, yatsansa a kan maɓalli, ya kasa dannawa. Zufa na bin ɗinkin goshinsa.

Na ce, "Ko sai na taso?"

Ya danna. Chen ya ɗage hannuwansa daga sitiyari, amma bai matsa ba, kuma Yaya bai ɗauke yatsa daga maɓallin kashewa ba. Sitiyarin ya motsa da kansa kaɗan, ya dawo, ya sake motsawa kaɗan. Jirgin ya miƙe. Wani jirgin yashi ya wuce ya turo mana igiyar ruwa, muka karkata, sitiyarin ya gyara, muka koma kan hanya.

Gadar ta taso. Na ga ginshiƙin. Na ga inda fenti ya goge a jikinsa. Ban rufe ido ba, kada wani ya ce na rufe. Muka shige ta tsakiya, inuwa ta rufe mu ta buɗe.

Chen ya buga kafaɗar Yaya yana surutu da yarensu. Yaya ya juyo yana nema na da ido. Na ce ya kalli gabansa, ba a gama ba.

Abin da Ummu za ta ce na yi a gefen jirgi a hanyar dawowa, ƙosan safe ne bai karɓe ni ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na aika wa Alhaji Babayo bidiyon ba tare da ko kalma ba. An nuna ya kalla. Bai amsa ba. Isufu ne ya kira, ya ce Alhaji ya ce a tambaya yaushe kayan za su iso. Na ce kwantenar gaba, kuma wanda ya sayo su zai biyo su Yawuri ya ɗaura da hannunsa, ya zauna kusa da direba a tsallakawar farko, kafin ko akuya ta shiga. In Alhaji bai yarda da haka ba, akwai sauran wuri a ƙarƙashin gadona.

Tsohon sansan da tsohon kamfas Tankari ya ce zai iya samo musu mai saye. Na sa Yaya ya fasa su da guduma a gabansa.

Bayan karin kumallo na tara su biyun a falo na faɗa musu, kuma ina rubutawa a nan don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau, duk abin da rai zai hau, ko jirgi ko mota ko keken yara, ba ya fita daga gidan nan don baki ya shiga baki. Wanda ya sayo shi zai fara hawa, ni kuma ina zaune a bayansa. Wanda ba zai iya ɗora uwarsa a kai ba, kada ya kuskura ya ɗaure kwalin.